Ɗakin Kimo Ko Jinyar Sassauci: Ina Ya Fi Dacewa Da Sabuwar Nas?

Nas ɗin da ta gama makaranta ta karɓi lasisinta, ta kuma ji zuciyarta ta karkata ga masu ciwon daji, za ta tarar hanya ta rabu biyu a gabanta. Ɗaya tana kai ta sashen da ake yaƙar cutar, wato ɗakin kimo, inda ake ba da magungunan kashe ƙwayoyin cutar, da wurin gashi, inda ake gasa cutar da hasken inji. Ɗayar tana kai ta jinyar sassauci, inda aikin shi ne rage wa majinyaci raɗaɗi da wahala, ko cutar mai warkewa ce ko ba mai warkewa ba. Daga nesa duk ɗaya ne: farin kaya ɗaya, majinyata ɗaya, albashin ma ɗaya, tunda a asibitocin tarayya a kan tsarin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS ake biyan kowa. Amma abin da kowane ɗayansu ke nema a wurin mutum ya sha bamban, kuma wadda ta faɗa inda bai dace da halinta ba, kafin shekara ta zagayo za ka ji tana neman canji. Da "ke" zan yi magana don mata sun fi yawa a aikin, amma maza ma da su nake.

Majinyata dai ba za ki rasa su ba ta kowane ɓangare. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna mutum kusan 128,000 ne aka samu da cutar a Najeriya a wannan shekarar, kusan 80,000 kuma suka rasu. Sankarar mama ce kan gaba, sai ta furostet (ƙullin da ke ƙasan mafitsara) a maza da ta bakin mahaifa. Ki dubi yadda lambobin biyu suka kusanci juna. Babban dalili shi ne yawancin mutanenmu ba sa isowa asibiti sai cuta ta ci ƙarfinsu, bayan an sha jiƙe-jiƙe, an yi shafe-shafe, wani lokaci wanzami ma ya taɓa wurin. Wannan jinkirin shi ke tsara yadda ranar aikinki za ta kasance, ko ta ina kika shiga.

A ɗakin kimo, aiki na lissafi ne da ido. Kafin a sa wa mutum komai sai kin ga sakamakon gwajin jininsa na wannan zagayen, domin maganin yana taɓa ɓargo, kuma idan fararen ƙwayoyin jini ba su farfaɗo ba, ɗagawa za a yi. Sai awon nauyi da tsawo, da su ake fitar da adadin maganin. Mai ciwon daji yana ramewa tsakanin zuwa da zuwa, don haka nauyin watan jiya ba hujja ba ne yau. Likita ya rubuta, mai harhaɗa magani ya haɗa, amma ke ce ta ƙarshe kafin maganin ya shiga jijiya. Shi ya sa ƙa'ida ce nas biyu su karanta suna, da magani, da adadi, da hanyar bayarwa, kowa da idonsa. Akwai magani irin su binkiristin da ta jijiyar jini kaɗai ake ba da shi. Aka yi kuskuren sa shi ta ƙashin baya, kisa yake yi. Wurin nan ba ya ɗaukar "ai na saba".

Ɗauki jan maganin nan, dokzorubisin, wanda ake yawan bai wa masu sankarar mama tare da saikulofosfamaid duk bayan kwana 21. Ba a rataya shi a tafi. Nas za ta nemi jijiya mai kyau a tsakiyar hannu, ta guji wuyan hannu da gwiwar hannu, ta kuma guji hannun da ke ɓangaren da aka yi wa aiki. Ta sa kanula, ta saki ruwa ya gudana, sannan ta ja kujera ta zauna. A hankali take turawa, tana tsayawa tana ja baya kaɗan don ta ga jini ya leƙo, alamar har yanzu tana cikin jijiya. Idonta na kan fatar wurin, bakinta na tambaya: "Hajiya, kina jin zafi ko ƙuna a nan? Ko kaɗan ne ki gaya min, kada ki daure." Wannan "kada ki daure" ɗin da muhimmanci, don matanmu an horar da su a kan kara da kawaici, za su iya cije leɓe su yi shiru alhali magani na zuba cikin tsoka. Idan ya zuba, yana cin nama ne har ya zama gyambon da sai an yi dashen fata. Nas ƙwararriya tana ganin ɗan kumburi ta tsayar nan take, ba ta zare kanular sai ta zuƙo abin da za ta iya, sannan ta ɗora sanyi. Da binkiristin ne, ɗumi za ta ɗora. Irin waɗannan bambance-bambancen a kai ake riƙe su, don lokacin da abin ya faru ba lokacin buɗe littafi ba ne.

Kowane magani da halinsa. Fakilitakzel na iya tayar da jiki a mintunan farko, numfashi ya sarƙe, fuska ta yi ja, don haka ba a barin gefen gado da an fara. Sisfilatin yana wahalar da ƙoda, sai an cika mutum da ruwa ana auna fitsarinsa. Amma a ganina rabin aikin ɗakin kimo ba a allura yake ba, yana cikin abin da kika gaya wa majinyaciya kafin ta kama hanyar gida. Ki gaya mata fitsarinta zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Ki gaya mata sumar kanta za ta zube wajen mako na biyu zuwa na uku, kuma za ta dawo. Ki gaya wa mai jinyarta cewa a kwana biyun farko da safar hannu ake wanke fo da kwanon amai. Mafi girma duka, zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura garkuwar jiki take faɗuwa ƙasa warwas, kuma zafin jiki da ya kai 38 a wannan tsakanin abin gaggawa ne da ke son maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda. Mu kuwa a nan duk zazzaɓi na sauro ne: a aika yaro kemis ya sayo maganin maleriya da farasitamol, a jira gobe. Nas ɗin da ta iya dasa wannan gargaɗin a zuciyar iyali, da Hausar da za su gane, ta ceci rayukan da ba za ta taɓa sanin adadinsu ba.

Sai haɗarin da ke kanki ke kanki, wanda ba a cika faɗa wa sababbi ba. Magungunan nan guba ne ga ƙwayoyin halitta, naki ma ba su ƙyale ba. Suna shiga ta fata da numfashi, kuma an daɗe da sanin suna da alaƙa da ɓari da matsalar haihuwa ga masu taɓa su ba kariya. Ƙa'ida ita ce a haɗa su cikin akwati na musamman mai zuƙe iska, a sa safar hannu biyu da riga mai dogon hannu wadda ruwa ba ya ratsawa. Ba kowane asibiti ke da wannan ba, akwai inda nas ke haɗawa a kan tebur kusa da taga. Idan kina da ciki, ko kina shayarwa, ko kina neman haihuwa, haƙƙinki ne a ɗauke ki daga taɓa maganin. Kada kunya ta hana ki faɗa wa matiron.

Wurin gashi ba zan daɗe a kansa ba, domin injin ba a hannun nas yake ba. Naki shi ne kula da fatar wurin da ake gasawa, da zawo ko ciwon baki da kan biyo baya, da tabbatar da mutum bai yanke zuwa ba. Mai sankarar bakin mahaifa takan yi kimanin mako biyar tana zuwa Litinin zuwa Juma'a, sannan a yi mata gashin ciki, wanda ake yi ta cikin mahaifa. Matar da ta taso daga ƙauye mai nisa, ina za ta kwana mako biyar, me za ta ci? Za ki tsinci kanki kina wannan lissafin tare da ita.

Daɗin wannan ɓangare shi ne kina ganin nasara da idonki. Yaron da aka kawo da kumburin muƙamuƙi irin na sankarar Burkitt, fuska ta karkace, bayan zagaye ɗaya ko biyu sai ki ga kumburin ya saɓe yana neman abinci. Kuma da yake mutane na dawowa duk mako uku, sabo na shiga, har ki san sunayen jikokinsu. Ɗacinsa kuma shi ne kujerar da ba a dawo an zauna ba. An yi zagaye uku cikin shida, kuɗi sun ƙare, an sayar da akuya an sayar da gona, ko kuma wani a gida ya ce ai daji ba ya son allura. Ki kira waya a ce miki "mun koma na gida". Bayan wata biyar a dawo da ita a kwance.

A nan jinyar sassauci ke shigowa, ko da yake kuskure ne a ɗauka sai an fid da rai ake neman ta. Wani bincike da aka wallafa a 2010 daga Boston ta Amurka, a kan masu sankarar huhu da ta bazu, ya nuna waɗanda aka haɗa wa jinyar sassauci tun farko sun fi samun natsuwa, kuma sun fi daɗewa: wata 11.6 a tsakaice, sauran kuma wata 8.9. Fannin ma daga hannun nas ya fito. Cicely Saunders da aikin nas ta fara kafin ta zama likita, ita ce ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, ta kuma koyar da cewa ciwon mai daji ba a jiki kaɗai yake ba, akwai tsoro, akwai tunanin iyali da bashi, akwai abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa. A Najeriya, asibitin koyarwa na Ibadan ne ya yi fice wajen fara wannan aiki, ya buɗe sashensa a 2007.

Kayan aikinki na farko a nan kunne ne, na biyu mofin, wato maganin ciwo mai ƙarfi. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai sauƙi: maganin ciwo a ba da shi ta baki, a kan lokaci, mataki-mataki, daga farasitamol har zuwa mofin. "A kan lokaci" ɗin ne mutane ba sa ganewa. Ba a jira ciwo ya taso sannan a sha. Ruwan mofin duk awa huɗu ake sha don kada ciwon ya samu damar dawowa. Kuma ranar da aka fara shi, ranar ake fara maganin sassauta ciki, domin yana ƙulle bayan gida ga kusan kowa. Wahalar ita ce tsoro. Mutanen da suka ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasa, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, ba za su ji sunan mofin su saki jiki ba. Ɗa zai ja ki gefe ya ce, "Sista, kada fa a mayar mana da tsoho ɗan ƙwaya." Wasu ma'aikatan lafiyar ma haka suke ji. Sai kin zauna kin bayyana cewa wanda ke sha don ciwo na gaske, a ƙa'ide, ba layinsu ɗaya da mai neman maye ba, kuma maganin ba ya gaggauta ajali idan an bi awo. In azumi ya zo kuma, ga dattijon da bai taɓa shan Ramadan ba yana son ya bar magani tun asuba har magariba. A nan kina buƙatar malamin da yake girmamawa ya tuna masa rangwamen da Allah ya yi wa mara lafiya a cikin Suratul Baƙara.

Yuganda ta yi nisa a wannan fanni. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda a 1993, kuma a 2004 ƙasar ta gyara dokarta ta bai wa nas-nas da suka samu horo na musamman damar rubuta mofin da kansu. A wurinmu likita ne ke rubutawa, kuma a manyan asibitoci aka fi samun maganin. Ma'ana wani yanki na aikinki zai zama bin sawu: neman sa hannu, kiran ɗakin magani, tabbatar da kwalbar ba ta ƙare ranar Juma'a da yamma ba.

Sai gyambo. Sankarar mama da ta fashe tana ruwa tana wari, kuma warin ne ke kore mutane. Za ki shiga gida ki tarar an mayar da matar ɗakin ƙarshe, an kunna turaren wuta a bakin ƙofa, yara ba sa shiga, ita kanta ta daina cin abinci a gaban kowa. Ki yi sallama ki zauna a bakin katifarta ba tare da kin yamutsa fuska ba, don fuskarki take kallo. Ki jiƙa tsohon bandejin da ruwan gishiri kafin ki ɗaga, saboda kada ya fizgo jini. Ki wanke a hankali, ki daka ƙwayar metronidazol, wadda kowa ya sani da Flagyl, ki barbaɗa a kai. Cikin 'yan kwanaki warin kan ragu ƙwarai. Gyambon bai warke ba, ba zai warke ba, amma jikokinta sun dawo suna zama kusa da ita. Kafin ki fita sai kin koya wa 'yarta ko kishiyarta yin haka, da juya ta duk awa biyu don gudun gyambon kwanciya, da goge mata baki, da ajiye zani mai duhu kusa saboda ranar da jini zai ɓalle kada jan ya firgita kowa. Ke za ki tafi, su za su kwana da ita.

Abin da ya fi gyambo wuya shi ne magana. "Don Allah kada ki gaya wa Inna, zuciyarta ba za ta ɗauka ba." Za ki ji wannan har ki gaji. Sau da yawa Innar ta riga ta sani, ita ma tana ɓoyewa ne don kada ta tayar wa 'ya'yanta hankali, kowa na kare kowa, ba wanda ke iya faɗin abin da ke ransa. Ba a fasa irin wannan labarin da ƙarfi, ba a kuma yin ƙarya. Tambaya ake yi: "Inna, ke yaya kike ganin jikin nan naki?" Sai ki yi shiru ki bar ta. Mutum na da bashin da yake son biya, da wasiyya, da wanda yake son ya nemi gafararsa, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan gwaninta ba a haife kowa da ita ba, ana koyon ta, amma wadda ba ta iya zama cikin shiru ba za ta sha wuya.

Nauyin wannan ɓangare a fili yake: kusan duk wanda kika saba da shi za ki je masa ta'aziyya. Idan ba ki da abokan aikin da za ku zauna ku sauke wa juna, zuciya na iya bushewa ko ta karye. Sannan a gida ke kaɗai ce, ba likita a ɗaki na gaba. Mai sankarar furostet ya ce bayansa na ciwo, ƙafafu sun yi nauyi, fitsari ya ƙi fita. Ke za ki gane cewa cutar ta danne lakar baya ne, kuma awoyi ne tsakaninsa da shanyewa, a kai shi asibiti yanzu.

Ta fuskar ci gaba a aiki, gaskiya kimo ya fi shimfiɗaɗɗiyar hanya. Akwai karatun ƙwarewa a jinyar daji bayan lasisin farko, irin wanda ake yi a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, akwai guraben aiki da sunansu, kuma cibiyoyi na ƙaruwa. Mai tunanin fita waje ma wannan takardar ta fi saurin karɓuwa. Sai dai aikin yana ɗaure ki a manyan garuruwa, inda asibitocin koyarwa suke: Shika a Zariya, Kano, Sakkwato, Gombe, Maiduguri, Abuja, ko Yamai, inda cibiyar daji ta ƙasar Nijar ta fara gashi a 2021. Jinyar sassauci kuwa gurabenta kaɗan ne, a asibitoci da yawa ma ba ta da sashe, sai 'yan mutane masu himma da ke yin ta a kan aikinsu na kullum. Karatunta mai zurfi yakan kai mutum har Kampala. Amma iliminta ba ya buƙatar inji ko wutar lantarki. Idan aure ko aiki ya kai ki babban asibitin ƙaramar hukuma, ƙwarewar tura dokzorubisin ba za ta samu wurin aiki ba, alhali sanin ciwo da gyambo da magana da iyali za ki yi amfani da shi tun ranar farko, har ga masu shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da sikila.

In shawarata ake nema, ki fara da sashen kimo ki yi kamar shekara biyu, ko da zuciyarki na wajen sassauci. A can za ki ga yadda cutar ke tafiya daga farko, ki san magungunan da illolinsu, hannunki ya faɗa a kan jijiya, ki koyi gane mai neman rikicewa tun kafin ya rikice, duk a inda akwai manya kusa da za su gyara miki. Wadda ta tsallake wannan ta shiga gidaje kai tsaye takan kasa bambance abin da ya wuce gyara da abin da har yanzu ake iya gyarawa, kuma wannan kuskure ne mai tsada. Ban ba da wannan shawarar ga mutum biyu ba: mai ciki ko mai neman haihuwa a asibitin da ba kayan kariya, da wadda ta san zamanta ba a babban gari zai kasance ba. Su su nufi sassauci tun yanzu. Wadda kuma ta san ƙa'ida da lissafi ne ƙarfinta, doguwar hira da iyali na gajiyar da ita, ta zauna a kimo ta ƙware, ba aibi ba ne, ana neman irinta ruwa a jallo.

Kafin ki sa hannu a takardar neman canjin sashe, ki roƙi matiron ta bar ki ki yi mako guda a kowanne. A ɗakin kimo ki tambaya wa ke haɗa magani, a ina ake haɗawa, kuma ina kayan ɗaukin gaggawa suke idan magani ya zuba cikin tsoka ko a ƙasa. A wajen masu sassauci ki tambaya yaushe rabon da mofin ya yanke musu, wa ke biyan kuɗin mota idan za a je gida, kuma wane likita ne ke ɗaga waya da dare.